Alam ɗin da ke kira tsakar dare, da rana kuma ya yi gum

Wa alaikumus salam Alhaji. Na ga saƙonka, bari in ɗan maimaita shi saboda masu irin wannan matsalar. Ka ce ka sayo alam mara waya a Sabon Gari, akwatin kai ɗaya, wato uwar na'urar da ke kiran waya, da sensar motsi biyu da rimot biyu da jiniya, yaron shagonka ya manna sensa ɗaya da gam a saman ƙofar shagon provishan ɗinka na Tudun Wada, ɗayar kuma tana kwali har yanzu. Sau uku cikin sati ɗaya abin ya kira wayarka tsakar dare ka taso daga Gyallesu a guje ka tarar ko kyanwa babu, amma da rana ka gitta ta gaban sensar ya fi sau biyar ko gezau. Shi ne kake tambaya ko jabu aka haɗa ka da shi.

Gaskiya ba na jin jabu ne. Na daɗe ina aikin kafa alam a garin nan na Zariya kuma mafi yawan inda aka kira ni wai alam ya lalace, in na je sai in tarar kayan lafiyarsu ƙalau, wurin da aka kafa sensar ne bai yi ba.

Bari mu fara da na ranan don shi ya fi sauƙi. Sensa mai batir ba ta zama a farke koyaushe, in ta ga motsi ta aika saƙo ga akwati sai ta yi ɗan barci, wata minti biyu wata uku wata har biyar, don kar batir ya ƙare cikin sati a wuri mai zirga-zirga irin shago. To kai kana tsaye a gabanta kana kaiwa kana komowa kana ɗaga mata hannu, ita kuwa ta riga ta gan ka tun farko ta kwanta, wasu ma in dai motsi bai tsaya ba lissafin barcin sabo yake komawa. Yadda ake gwaji shi ne kowa ya fita daga shagon, a kunna alam da rimot, a jira kamar minti biyar cif, sannan mutum ɗaya ya shiga. Yawancinsu kuma in ka buɗe bayansu akwai ɗan maɓalli ko wani ɗan baƙin fulogi ƙarami da ake cirewa a mayar a wani layi, shi ke sa ta a yanayin gwaji, ta dinga ƙifta jan wuta duk lokacin da ta ga motsi. In ka gama ka tabbata ka mayar da shi inda yake, na sha ganin wanda aka manta a gwaji batir ya mutu cikin wata guda.

Yanzu sai ainihin maganar. Ita wannan sensar da ake rubuta wa PIR a kwali ba kyamara ba ce, ba ta san mutum ba, ba ta san ɓarawo ba, zafi kawai take gani. Jikin mutum yana fitar da wani ɗumi da ido ba ya gani, wannan farar robar da ke fuskarta mai zane-zane kamar idon ƙuda ita ke raba ɗaki gida-gida kamar yatsun hannu a buɗe, in abu mai ɗumi ya fita daga wannan yatsa ya shiga wancan sai ta ce an yi motsi. Shi ke nan aikinta. In ka riƙe wannan a kanka duk sauran bayanin da kanka ma za ka iya fitar da shi.

Abu na farko da ya fito daga nan, ta fi kama mutumin da ya gitta ta gefe, ya yanka yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, a kan wanda ya miƙe ya nufo ta ko ya ba ta baya yana tafiya. Saman ƙofa da yaronka ya zaɓa kusan shi ne wuri mafi rauni, mai shigowa zai bi ta ƙarƙashinta ne, kuma ƙarƙashin sensa makaho ne sai dai masu tsada da aka yi wa ƙaramin ido na kallon ƙasa, daga nan ya miƙe cikin shago yana ba ta baya. Ga shi in ƙofar ƙarfe ce ko shata duk bugun da aka yi ko iska ta jijjiga ta sensar ma ta girgiza. Wurinta kusurwa ne, lungun bango biyu, inda za ta kalli ɗakin a karkace, duk wanda ya shigo ta ƙofa dole ya ratsa gabanta. Tsayi kuma mita 2.1 zuwa 2.4 daga ƙasa, wato ƙafa bakwai zuwa takwas, ɗan sama da kan ƙofa kaɗan. In ka kai ta can jikin silin sai ta hangi nesa ta bar na kusa, in ka sauke ta ƙasa sosai ɓeraye za su zama abokan hirarta. Yawancin na kasuwa suna cin mita 10 zuwa 12 a gaba da faɗin digiri 90 zuwa 110, ka ga ke nan ɗaya a kusurwa ta ishi shago madaidaici in dai ba a tare mata gaba ba.

Wannan tarewar fa ka kula da ita, don ku masu provishan ba ku da dama wajen jera katan. Ba ta gani ta cikin kwali, ba ta gani ta cikin katako, ko gilashi ma ba ta gani, mutum zai tsaya bayan shokes na gilashi yana abin da ya ga dama ba ta sani ba. Na taɓa kafa wa wani mai shago a kusa da PZ komai ya yi daidai, bayan wata biyu ya sauke kayan azumi ya jera katan-katan na taliya har suka wuce fuskar sensa, ya kira ni wai ta daina aiki. Ina zuwa na ɗauke katan biyu ta dawo.

Ta biyun da ke kwali kar ka bar ta tana kwana a banza. Ka yi tunani in kai ne za ka shiga shagon nan ba da makulli ba ta ina za ka bi? Ai kowa ya san ba kowane ɓarawo ke wahalar da kansa da kwaɗo uku a ƙofar gaba kan titi ba, rufin kwano ake ɓallewa a diro ta silin ko a fasa bangon baya. Saboda haka ta biyun ka kai ta sito ko inda kake ajiye kuɗi da kaya masu tsada, ta kalli wurin a karkace ita ma. Ƙofar gaba kuma in kana so ka ƙara ɗan abin nan mai maganaɗisu guda biyu da ake sa wa a ƙofa da firam, ba shi da tsada, sai dai a ƙofar ƙarfe sai an sa masa ɗan katako ko roba a ƙasa don ƙarfe yana raunana maganaɗisun kuma yana cinye siginal.

To kiran tsakar dare fa? Ban ga shagonka ba amma in za a ce in yi canke, zan ce ka duba lokutan da ya kira ka, suna nan a wayarka, ka tambayi maigadin layin ko a wannan lokacin aka kawo wuta. Na faɗi haka ne don irinsa ya taɓa wahalar da ni sosai a wani shago hanyar Ƙofan Doka. Na canja sensa, na canja batir, na canja wuri, abu ya ƙi, mai shago har ya fara kallona wani iri, maƙwabta kuma sun fara maganar aljanu. Ƙarshe na ce a rufe ni a ciki in kwana. Na shimfiɗa kwali a bayan kanta na kwanta, sauro kamar su ɗauke ni, wajen ƙarfe biyu sai ga wuta, firiza ta tashi da gurnani ta fara huro zafi ta baya, fankar sama da yaro ya tafi ya bari a kunne tun da aka ɗauke wuta da yamma ita ma ta tashi, ta kwashi zafin nan ta watsa, ga layin omo da madara na sacet da aka rataye a igiya suna ta lilo a gaban sensa. Ko minti ɗaya ba a yi ba jiniya ta ɗauka. Da safe muka juya fuskar sensa daga firiza, muka sauke igiyar, aka kafa wa yaro doka ya kashe makunnin fanka kafin ya rufe, daga ranar shiru.

Don haka ka tsaya inda sensar take ka kalli abin da take kallo. Firij ko firiza, fanka, esi, labule, kayan rataye, kwan lantarki mai zafi, inbata da batiranta, taga ko ramin iska da rana ke faɗowa ta ciki da safe ko fitilar mota ke haskowa da dare, duk waɗannan ka kau da fuskarta daga gare su. Ɓera a ƙasa can nesa ba ya yawan tayar da ita, amma ɓeran da ya hau shelf ya wuce dab da fuskarta, a wurinta ƙato ne, shi ya sa ba a son shelf kusa da ita. Akwai masu rubutun wai ba sa kula dabba har kilo 25, gaskiya ne amma sharaɗinsa dabbar na ƙasa kuma an kafa sensa a daidai tsayin da kamfani ya ce, kyanwar da ta yi tsalle kan buhun shinkafa ta fita daga wannan alkawarin. Sai tsaka, wadda ta fi son lungu kamar yadda sensa ta fi son lungu, ta bi ta kan farar robar nan ta wuce, sai gizo-gizo da kyankyaso da tururuwa da ke shiga ciki ta ramin sukuru. Na taɓa buɗe wata a Samaru na tarar gizo-gizo ya yi saƙa daidai kan ɗan idon da ke tsakiyar bod ɗin, da ƙwayayensa da komai. Ka toshe ramukan baya da ɗan silikon, ka share kewayen, amma kar ka fesa maganin ƙwari a fuskarta, yana ɓata robar.

Gam ɗin nan ma ban yarda da shi ba. Gam mai fuska biyu da ke zuwa a kwali ya fi kama bango mai santsi, a nan fentinmu na ruwa ga ƙura ga zafin kwano, sati kaɗan ya saki, sensa ta sunkuyar da kai ta koma kallon ƙasa ko ta dinga motsi da kanta, wanda ita a wurinta ɗakin ne gaba ɗaya ke motsi. A huda bango a sa fisha, wato 'yar robar da ke riƙe sukuru a bango, da sukuru biyu.

Amma kar a fara da huda. Tsarin da nake bi, ina zama a tebur in haɗa komai tukuna, in sa batir, in bar sensa kamar minti ɗaya ta daidaita don da an sa batir ba ta fara aiki nan take, in shiga setin na akwati wurin ƙara sensa, in motsa hannu a gabanta ko in danna maɓallinta har akwati ya yi ƙara alamar ya karɓe ta. Kowace a ba ta lambarta daban, ta gaba 1 ta sito 2, ka rubuta a takarda, don ranar da ya kira ka ka san wacce ce ta yi magana, in ka haɗa su a lamba ɗaya ka rasa mai laifi. Lokacin da kake haɗa ɗaya ka cire batirin ɗayar ko ka kifa ta, in ba haka ba ita za ta riga aikawa akwati ya ɗauke ta a wurin da ba nata ba. Bayan nan sai yaro ya hau tsani ya riƙe ta da hannu a kusurwar da aka zaɓa, a rufe duk ƙofofi yadda suke kwana, a ga saƙo na isa akwati ko ba ya isa, sau uku huɗu. Ya isa, sannan diril. In an ɗaure a tabbata murfin ya zauna daram, akwai ɗan siririn makunni a ciki da ke sa jiniya in an buɗe ta ko an ɓalle ta daga bango, murfi in bai rufu sosai ba shi ma yana jawo ihun banza. Daga nan a yi gwajin tafiya, a shiga a hankali, a shiga da sauri, a shiga a duƙe har da rarrafe, ta ƙofa, ta bayan kantar shago, ta inda mutum zai diro daga silin. Inda ba ta kama ba a ɗan juya ta a sake.

Mita 100 da aka rubuta a kwali kuma kar ta ruɗe ka, a fili ne fetal inda ba bango. Yawancin masu arha a kan zangon rediyo na 433MHz suke magana, bulo ɗaya biyu ba komai, amma dakin na kankare mai rodi, kwantena, ƙofar ƙarfe, shelf na ƙarfe, waɗannan suna shanye siginal, haka katangar ƙasa mai kauri irin ta tsofaffin gidajen cikin birni, na ga inda zaure da ɗakin maigida ba su fi taku ashirin ba amma saƙo ya ƙi wucewa sai da muka matsar da akwati. Kar a ɗaure sensa ko akwati a jikin ƙarfe kai tsaye, kar kuma a jingina akwati da inbata ko mita.

Shi akwatin kansa kar a sa shi bakin ƙofa inda mai shigowa zai fara cin karo da shi ya buga da ƙasa kafin ya gama kira. A ɓoye shi ciki inda netwok ke kamawa, jiniya kuma a sama nesa da shi. Akwai setin ɗan jinkiri, daƙiƙa 30 ta ishe ka ka kulle ka fita, na shigowa kuma ka rage shi iya yadda za ka iya tunda kana da rimot kana iya kashewa tun daga waje. Lambar sirri da ya zo da ita, 1234 ko 0000 ko makamancinsu, a canja yau ɗin nan, duk yaron da ya taɓa ganin irinsa ya san ta. Sim ɗin ciki a sa layin da ya fi ƙarfi a cikin shagon bayan an rufe ƙofa, ba a bakin titi ba, a cire masa PIN, a haɗa shi da NIN, a dinga sa masa kati, kuma duk wata ka tayar da alam da gangan ya kira ka, don layin da ya yi watanni ba a amfani da shi kamfani na rufewa, kai kana can kana barci da tunanin kana da tsaro. In naka mai Wi-Fi ne da manhaja a waya to yawancinsu 2.4GHz kaɗai suke kamawa, kuma in rawuta, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi, ta mutu da ɗaukewar wuta saƙo ya mutu, ni a shago na fi son mai sim. Batirin cikin akwati awoyi kaɗan yake riƙewa, da yadda wutarmu take gara a jona shi a sola ko ƙaramin UPS.

Akwai abu biyu na yanayin garin nan da takardar kwali ba za ta faɗa maka ba. A Maris da Afrilu lokacin da zafi ke kai digiri 38 zuwa 40, shago mai rufin kwano a rufe bangonsa da kayansa suna ɗaukar ɗumi kusan daidai da fatar mutum, tunda kuwa bambancin zafi take nema sai ganinta ya ragu, wadda ke kama ka daga mita goma da sanyi sai ka matso sosai. Masu kyau suna gyara kansu da kansu, masu arha ba duka ba. Saboda haka gwajin da ka yi a Disamba bai wadatar ba, ka sake shi a tsakiyar bazara da yamma lokacin rufe shago, in ta yi sanyin jiki a ƙara mata ƙarfi in tana da wurin ƙarawa. Da hunturu kuma ƙura ce ke kwanciya a fuskarta, ƙyalle mai laushi busasshe ko mai ɗan danshi ya isa, ban da fetur ban da sinadari.

Batir a sa irin wanda ta zo da shi. Wasu CR123A ne mai volt 3, wasu AA ko AAA, tsofaffin kuma 9V mai kusurwa huɗu. In AA ne a sayi mai rubutun alkaline na gaske, batirin tocila mai arha yana zubar da ruwa ya cinye ƙarafunan ciki, na caji kuma volt 1.2 yake bayarwa maimakon 1.5, sai ta dinga kukan batir ko siginal ya gajarta. Batir mai rauni shi kansa yana jawo kiran ƙarya. Wanda ya zo a kwali ba ka san shekara nawa ya yi a sito ba, ni cire shi nake in sa sabo in rubuta kwanan wata da biro a cikin murfi. Wani abu kuma da masu sayarwa ba sa faɗi, masu arhan nan magana ɗaya suke, sensa ta aika akwati ya ji, amma akwati ba ya tambayarta ko tana raye, in ta mutu ko an ɗauke ta ba lallai ya sani ba. Masu tsada suna gaisawa lokaci-lokaci, in ɗaya ta yi shiru a sanar da kai. Naka zai yi aiki, sai dai gwajin wata-wata ya zama dole.

Ka ce in ya yi kyau za ka sa a gida ma. Kar ka ɗauki irin wannan ka kafa a tsakar gida ko jikin katanga, ta cikin ɗaki ce, rana da ruwan damina za su kashe ta, kafin nan ma awaki da kaji da shanyar kaya sun hana unguwa barci. Na waje daban ne, mai IP65, wato mai jure ƙura da ruwan sama, sau da yawa ido biyu gare shi sai duka sun yarda kafin ya yi ƙara, ko kuma irin mai haske tsakanin sanda biyu da ake sa wa a kan katanga. Na cikin gida kuma akwai setin ana gida, wanda ke barin na ƙofofi da gareji a kunne ya kashe na falo da koridon, in ba haka ba yaro ya tashi fitsari jiniya ta tashi gida.

Lambobin da zai kira kar ka sa taka kaɗai, kai kana Gyallesu. Ka sa ta maigadin layin da maƙwabcin da ke kwana kusa da wani cikin 'yan sintirin unguwa, amma sai bayan ka gyara kiran ƙaryar, don mutumin da aka tasa sau uku a banza na huɗu juya kwanciya zai yi. Kai ma don Allah Alhaji ka daina fitowa kai kaɗai a mashin ƙarfe biyun dare, ka kira na kusa su leƙa tukuna.

In ka sauke ta daga saman ƙofa ka mayar kusurwa da sukuru da sabon batir, ka bar ta sati ɗaya. Ta sake kira ba dalili, ka musanya ta da ɗayar a wuri ɗaya, in kiran ya bi sensar to ita ce mai matsala ka mayar wa mai kaya, in ya tsaya a wurin to akwai abin da take gani da ba mu gano ba, sai ka hau tsani ka ɗauko min hoto daga daidai inda take, da lokutan da ta kira.